Wa ya biya kuɗin makarantar Andersen?

A wani bikin yaye ɗalibai da na halarta bara, babban baƙo mai jawabi ya zaɓi ya ba yara labarin Hans Christian Andersen, marubucin tatsuniyoyin nan na ƙasar Danmak. Mutumin ya iya bakinsa, ba laifi. Ya ce uban Andersen ɗinkin takalma yake yi, uwarsa kuma wankau, ya bar garinsu yana ɗan shekara 14 da 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, ga shi yau duniya kaf tana karanta shi. Ya rufe da cewa duk wanda Allah ya ba baiwa, ya kuma dage, to ko a cikin garken agwagi aka ƙyanƙyashe shi sai ya tashi sama. Aka ɗauki tafi raf-raf-raf. Ni ma na tafa, don kada na kusa da ni su ce na cika tsurku. Amma tun a kan kujerar nake ta mita a zuci, domin akwai tambaya ɗaya da mai jawabin bai ko kusanci inda take ba: wa ya biya wa yaron nan kuɗin makaranta?

Ban ga laifin baƙon namu sosai ba, tunda Andersen da kansa ne ya fara yi wa labarinsa kwalliya. Littafin tarihin rayuwarsa da ya fitar a 1855 sunansa ma Tatsuniyar Rayuwata, kuma tun daga layin farko yake shaida wa mai karatu cewa rayuwarsa labari ce mai daɗi. Kafin nan, a 1843, ya rubuta tatsuniyar mummunan ɗan agwagwa, wanda kowa ke tsangwama a gidan gona, kaji na saransa, mai ba su abinci na shurinsa, har ya gudu ya sha sanyin hunturu shi kaɗai, daga baya ya ga inuwarsa a ruwa ya gane ashe shi ba agwagwa ba ne, farin tsuntsun nan ne mai dogon wuya da Turawa ke kira suwan. Kowa ya san da kansa yake. Tatsuniya ce mai taɓa zuciya, ina kuma son ta. Sai dai in ka zauna ka tauna ta da kyau za ka ji wani ɗaci a ƙasanta. Abin da ya ceci tsuntsun shi ne ƙwan da ya fito daga ciki na suwan ne. Wato barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To ɗan agwagwa na gaskiya fa, wanda zai girma ya zama agwagwa, me aka tanadar masa?

An haifi Andersen ranar 2 ga Afrilu, 1805, a Odense, wani gari a tsibirin Fyn. Ɗaki ɗaya suke kwana, a nan kuma uban ke aikinsa. Uban mutum ne mai son karatu wanda talauci ya hana shi makaranta, shi ne yake karanta wa ɗansa hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya, ya kuma ƙera masa ɗan ƙaramin dandalin wasa na 'yan tsana. A 1812 ya shiga soja a madadin ɗan wani manomi mai hali, don kuɗin da za a biya shi. Ya dawo jiki ya lalace, ya rasu a 1816, yaron na da shekara 11. Uwar, Anne Marie, ta koma tsayuwa a cikin kogin garin tana wanke kayan masu kuɗi, cikin ruwan da sanyinsa ke shiga har ƙashi. Ita burinta ɗanta ya koyi ɗinki ya zama tela. Shi kuwa ya kafe sai Kwapanhagan, babban birni, wai zai yi suna. Da ta tambaye shi ta yaya, amsar da ya ba ta, kamar yadda ya rubuta daga baya, ita ce mutum yakan fara shan baƙar wahala tukuna, sa'an nan ya shahara. Ta kai maganar wurin wata tsohuwa mai duba, tsohuwar ta ce wata rana za a ƙawata Odense da fitilu saboda yaron nan. Ta yi kuka, ta bar shi ya tafi. Watan Satumba ne na 1819.

Nan ne nake so masu jawabin ƙarfafa gwiwa su ɗan dakata, domin shekara ukun da suka biyo baya su ne ma'aunin maganarsu. Baiwa akwai ta, naci kuwa ba a magana. Yaron nan ya je gidan wata shahararriyar mai rawa ta gidan wasan kwaikwayon sarki, ya tuɓe takalmansa ya kama rawa da waƙa a gabanta yana kaɗa hularsa kamar ganga, har matar ta ɗauka taɓaɓɓe ne ta sa aka fitar da shi. Ya kutsa gidan Giuseppe Siboni, malamin waƙa ɗan Italiya, ana tsakiyar liyafa, ya rera musu waƙa, baƙin suka yi masa karo-karo, Siboni ya yarda zai koyar da shi. Ba a yi nisa ba muryarsa ta fashe irin ta balaga. Ya gwada rawa, ga shi dogo siriri mai manyan ƙafafu, abin bai karɓe shi ba. Yana kwana a wani ɗan lungun ɗaki marar taga, wani lokaci ya fita ya zauna a lambun sarki ya ci guntun burodi don uwar ɗakinsa ta zaci gayyatar cin abinci ya tafi. Babban abin da ya samu shi ne fitowa a matsayin ɗaya daga cikin aljanu a wani wasan rawa a 1821, ya ga sunansa a takarda ya kwana yana kallo. A 1822 gidan wasan ya sallame shi. Wasannin da ya rubuta ya miƙa musu an dawo masa da su, saboda ko ƙa'idar rubutu bai iya ba.

Abin da baiwa da naci suka iya yi masa su kaɗai ke nan a shekara uku: yunwa, yagaggen takalmi da takardar sallama.

Abin da ya juya al'amarin ba wani sirri ba ne, yana nan a rubuce. Ɗaya daga cikin masu duba wasannin, Knud Lyne Rahbek, ya ce wasan ba ya nunuwa, amma akwai alamar wani abu a yaron, a kai shi makaranta. Jonas Collin, babban ma'aikacin gwamnati kuma ɗaya daga cikin daraktocin gidan wasan, ya ɗauki maganar ya kai gaban Sarki Frederik na Shida. Aka ware masa kuɗi daga wani asusun gwamnati da aka tanada don ayyukan amfanin jama'a, aka tura shi makarantar sakandare a garin Slagelse. Da wannan kuɗin ya yi karatu har ya ci jarrabawar shiga jami'a a 1828. A 1833 baitulmali ya sake buɗe masa baki, aka ba shi kuɗin tafiya ƙasashen waje, ya bi ta Jamus da Faransa ya sauka Italiya, kuma daga wannan tafiyar ce littafinsa na ƙagaggen labari na farko ya fito a 1835, wanda ya fara kai sunansa wajen Danmak. A 1838 sarkin ya yanka masa albashin shekara-shekara, rigsdala 400 a kuɗinsu na lokacin, don ya zauna ya yi rubutu ba tare da fargabar kuɗin haya ba. Sau uku ke nan. Tatsuniyar ɗan agwagwa da ta Sarauniyar Ƙanƙara da ta yarinya mai sayar da ashana duk bayan albashin nan aka rubuta su. Bahaushe ya riga ya faɗa, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada kuma wani ya ce ai Turai ce, kuɗi sun yi musu yawa. Danmak ta wancan zamani ƙasa ce da ta sha kashi. A 1807 sojojin ruwan Ingila sun yi wa Kwapanhagan ruwan wuta suka kwashe jiragen ruwan yaƙinta. A 1813 gwamnati ta tsiyace, kuɗin ƙasar ya karye. A 1814 aka ƙwace mata Norway. Amma a wannan shekara ta 1814 ɗin ce ta kafa dokar da ta wajabta wa kowane yaro karatu daga shekara bakwai. Ƙasar da aljihunta ya huje ita ce ta ga bai kamata ta bar asusun masu fasaha ya bushe ba, kuma ba Andersen kaɗai ya ci moriyar irin wannan hali ba. Tun kafin shi, Bertel Thorvaldsen, ɗan wani masassaƙin katako, da tallafin makarantar zane ta sarki ya tafi Rum ya zama gwanin sassaƙar dutse da Turai duka ta sani. Duk lokacin da na ji wani mai riƙe da amanar jama'a, a ko'ina yake, yana cewa a bari tattalin arziki ya miƙe tukuna kafin a waiwayi karatun 'ya'yan talakawa, shekarar 1814 ce take faɗo mini.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Mutum nawa ne suka ci kuɗin asusun nan, yau ko sunansu ba a tunawa? Da yawa. Kuɗi ba ya rubuta tatsuniya. Abin da Andersen ya kawo nasa ne, ba sarki ne ya ba shi ba, ba a Slagelse ya koya ba. Yana yaro kakarsa tana kula da lambun gidan da ake ajiye masu taɓin hankali da gajiyayyu a Odense, shi kuma yakan shige ɗakin da tsofaffin mata ke kaɗi ya zauna yana sauraron tatsuniyoyinsu. Muryar waɗannan matan ce ya ɗauko ya zuba a takarda. Ɗan littafinsa na tatsuniyoyi na farko, wanda ya fito a Mayun 1835, labari huɗu ne a ciki, har da na sojan da ya samo ƙyastu mai kiran karnukan tsafi, da na gimbiyar da ƙwayar wake guda ta hana ta barci a ƙarƙashin katifu 20. Ya rubuta su yadda ake magana, da katsewar zance da kwaikwayon sauti, kamar mai ba da labari a bakin murhu. Masu sharhin littattafai suka yi masa ca, wai harshen bai da ladabi, wai babu darasin tarbiyya a ciki, wai ya daina ɓata lokacinsa. Masanin kimiyyar nan Hans Christian Ørsted ne ya hango abin da suka kasa gani, ya ce masa littafin labarin zai sa ya yi suna, amma tatsuniyoyin su ne za su hana a manta da shi. Haka kuwa aka yi. Ya rubuta sama da 150, an fassara su cikin harsuna fiye da 100. Ko labarin da ya aro sai ya sa masa hannunsa. Na sarkin da mayaudara suka ɗinka wa rigar da ba ta ganuwa, asalinsa yana cikin wani tsohon littafin Sifaniya na ƙarni na 14, amma yaron da ya buɗe baki ya ce ai sarki tsirara yake, Andersen ne ya ƙara shi, kuma sai da rubutun ya riga ya isa maɗaba'a ya aika a canja ƙarshen.

To na yarda, ba tallafi ne ya haifi wannan kunne da wannan ido ba. Abin da nake cewa shi ne, da an bar shi yadda yake a 1822, da kunnen da idon sun ƙare a teburin wani tela, ko a wani wuri da ya fi wannan muni. Wanda ya ba yara rabin farko na labarin ya ɓoye rabi na biyu, ya ɗora musu nauyin da ba nasu ba ne. Yaron da ya dage bai kai ba zai ɗauka laifinsa ne, alhali Collin ɗinsa ne bai zo ba.

Amma ko shi tallafin, ban ce a kwafe shi yadda yake ba, domin ya zo da gori, kuma gorin ya bi Andersen har kabari. An sa shi aji ɗaya da yara 'yan shekara 11 da 12 yana ɗan 17, zanƙalele a tsakiyarsu. Shugaban makarantar, Simon Meisling, ya mai da shi abin ba'a a gaban aji, yana kiransa daƙiƙi, ya kuma hana shi rubuta waƙa. Da aka mai da Meisling garin Helsingør a 1826 ya tafi da shi, yana zaune a gidansa, abin ya ƙara ƙazanta. Yaron bai iya ƙorafi da ƙarfi ba, tunda cin alfarma yake yi. Sai da wani malami ya je ya faɗa wa Collin abin da ke faruwa aka cire shi a 1827 aka nema masa mai koyarwa a gida. Har ya tsufa yana mafarkin Meisling.

Gidan Collin kuma sun karɓe shi, yana cin abinci a teburinsu, yana kiran gidan gidansu. Amma akwai layin da bai taɓa tsallakawa ba. A harshensu akwai kalmar da aboki ke kiran aboki da ita, akwai kuma ta girmamawa da nesantawa, kusan yadda a wasu gidajenmu ake ce wa babba "ku" maimakon "kai". A 1831 Andersen ya rubuta wa Edvard, ɗan Jonas Collin, wanda yake ɗauka tamkar ɗan'uwa, yana roƙon su koma kiran juna da ta abota. Edvard ya ƙi. Suka ci gaba da hulɗa fiye da shekara 40, Edvard na kula masa da kuɗinsa yana gyara masa rubutu, Andersen ma shi ya bar wa gadonsa, amma kalmar nan ba ta canja ba. Wanda ya karanta tatsuniyar Inuwa ta 1847, inda inuwar wani malami ta rabu da shi ta yi arziki ta dawo ta mai da shi bawanta, har ta hana shi kiranta da kalmar abota alhali ita tana kiransa da ita, ya san ciwon bai warke ba. Mutumin da sarakunan Turai ke gayyata fadarsu ya rayu yana leƙen fuskar masu gida ko sun gaji da shi. Wani lokaci kuma sun gaji ɗin: a 1857 ya je wa shahararren marubuci Charles Dickens baƙuncin mako biyu a Ingila ya yi biyar, bayan tafiyarsa Dickens ya rubuta a jikin madubin ɗakin cewa makonnin nan sun yi wa iyalinsa tsawon zamanai. Bai yi aure ba, bai taɓa mallakar gidan kansa ba, ya rasu ranar 4 ga Agusta, 1875, a gidan iyalin Melchior da suka yi jinyarsa. Taimakon da ya rataya ga ganin damar mutum ɗaya haka yake yi wa mai karɓa, yakan ɗaga shi ya kuma bar shi a durƙushe. Shi ya sa nake ganin abin da ya kamata a nema wa yaro mai ƙwazo shi ne haƙƙi da doka ta tsara, wanda ba sai ya yi rawa ba takalmi a falon wani kafin ya samu.

Sai kuma waɗanda tsanin bai ɗauka ba, waɗanda masu jawabi ba sa ambata. Anne Marie ta ci gaba da tsayuwa a kogi, tana kurɓar barasa don ta ji ɗumi, har abin ya zame mata jiki. Ta ƙare a gidan gajiyayyu na Odense, ta rasu a Oktoban 1833, ɗanta yana Italiya da kuɗin gwamnati, a wasiƙa ya ji. Yana da 'yar'uwa da suka haɗa uwa, Karen Marie, ita ma wankau ta yi a Kwapanhagan, yana jin kunyar a san da ita, a rubutunsa na sirri "'yar mahaifiyata" yake ce mata. Ba na kawo wannan don in tozarta shi ba. Ina ganin shi ma abin ya ci shi, kuma a tatsuniyoyin ne ya faɗi gaskiyar da ya kasa faɗa a tarihin rayuwarsa. A farkon shekarun 1850 ya rubuta labarin wata mai wankau da magajin gari ke cewa ba ta da amfani saboda tana sha, ta faɗi a bakin kogi ta mutu, ɗanta yana tambaya a bakin kabari ko da gaske ne ba ta da amfani.

Ita kuwa yarinya mai ashana, a 1845 ya rubuta ta, yana baƙunci a fadar wani basarake, ana ci ana sha. An aiko masa da zane ne a ce ya yi labari a kai, sai ya tuna abin da uwarsa ta taɓa gaya masa, cewa tana ƙarama an tura ta bara, ta kasa roƙon kowa, ta wuni a ƙarƙashin gada tana kuka, tana tsoron komawa gida hannu wofi. Yarinyar labarin ba takalmi, daren jajibirin sabuwar shekara, dusar ƙanƙara na zuba, ba wanda ya sayi ko ƙwaya ɗaya, ubanta zai doke ta in ta koma. Ta rakuɓe a lungu tana ƙyasta ashanar ɗaya bayan ɗaya, a hasken kowace tana ganin murhu, tana ganin gasasshiyar dinya, tana ganin kakarta da ta rasu. Da safe aka tsinci gawarta. Masu wucewa suka ce ɗumi ta so ji, suka wuce. Babu mai karatun Hausa da zai ce bai san yarinyar nan ba, ko da faranti ne a kanta maimakon ashana a hannu. Kuma wa ya san abin da ke cikin kanta? Mai ganin duniya guda a harshen wutar ashana ai ba ta rasa baiwa ba.

Duniya dai ta fi son ɗaya ɓangaren. Kamfanin Disney ya ɗauki 'yar ruwan da Andersen ya bar ta ta rasa yariman ta narke ta zama kumfar teku, ya ɗaura mata aure a fim ɗin 1989. Haka ake yi wa rayuwarsa, a tace ɗacin a miƙa wa yara zaƙin. Shi kansa bai yarda na yara ne kaɗai ba. Tun wajen 1844 ya cire kalmomin "don yara" daga sunan littattafansa, kuma da aka nuna masa zanen gunkin da za a kafa masa, yara sun dabaibaye shi, ya fusata ya ce a cire su, tatsuniyoyinsa na manya ne kamar yadda suke na yara. Ina ganin manyan da ya fi kamata a tara a karanta wa tarihin nan su ne masu sa hannu a kasafin kuɗi.

Duban tsohuwar nan kuwa ya tabbata. Ranar 6 ga Disamba, 1867, Odense ta ba shi lambar ɗan gari na musamman. Aka rufe makarantu, aka kunna fitilu a tagogi, jama'a suka cika dandali da tocilan wuta suna rera masa waƙa. Shekara 34 ke nan da rasuwar Anne Marie a gidan gajiyayyun garin. Aka kawo shi bakin tagar zauren majalisar gari don ya gaishe su, ga shi yana fama da matsanancin ciwon haƙori, iskar hunturu tana dukan bakinsa. Ya rubuta daga baya cewa yana tsaye a wurin, baitocin waƙar yake ƙirgawa, yana lissafin saura nawa a gama ya rufe tagar.